Karatu a Bayan Asabari

A farkon shekarun tamanin aka kai ni gidan miji a unguwar Kusfa cikin birnin Zariya, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Daga unguwarmu Kwarbai aka ɗauko ni, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba, amma a lokacin gani nake kamar wata ƙasa aka kai ni. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ranar Juma'a da yamma yake dawowa, ya koma da sassafen Litinin. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare wajen Ƙofar Gayan, in tafi da safe in dawo da azahar. Yayyen mijina duk sun tashi da iyalinsu, saboda haka a tsakiyar mako mu uku ne a gidan: ni, da surukata da muke kira Inna, da surukina da kowa ke kira Baba.

Na yi kusan shekara a gidan ban san fuskar Baba sosai ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. In na ji tarinsa daga zaure sai in shige ɗaki ko madafi. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarsa kaina a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa daga ciki, in tashi. Takalmansa na sani, da butarsa, da muryarsa. Shi ma bai taɓa kama sunana ba. Da yake ina koyarwa, Malama yake ce mini, kuma ko wannan ɗin ba da ni yake yi ba, da Inna yake: “Malama ta dawo?” “An kai wa Malama nata?”

Baba tsohon ma'aikacin En'e ne, malamin hanya. Ya yi shekaru yana yawo a kan keke, daga baya a kan babur, yana duba gadoji da kwalbatoci a ƙauyukan ƙasar Zazzau, har ya ajiye aiki. Amma ransa kullum yana can nesa, a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Sau ɗaya ya fita ƙasar waje, shekarar da ya sauke farali, kuma bai daina mitar cewa kujerar tsakiya aka ba shi a jirgi ba, aka ƙetare teku da shi bai gan shi ba.

Abin da ke ɗebe masa kewa wani littafi ne da ya gada. Mahaifinsa tafinta ne a fada, zamanin wani sarki na da. Wani babban Bature da ya zo ziyara ya kawo wa sarkin littafin tsaraba. Sarki ya ga hotuna sun burge shi, ya riƙa sa tafinta yana fassara masa labarin kaɗan-kaɗan. Da tafinta ya tsufa zai huta, sarki ya ba shi riga, ya haɗa masa da littafin, ya ce ai shi ya san bakinsa. Labarin wani Bature ne matafiyi, wanda ya bar ƙasarsu a jirgin ruwa tare da wani mai zane, suka bi ta Masar da Sham da Istambul, suka nausa gabas har ƙasar Farisa.

A cikin wani tsohon akwatin katako Baba ke ajiye shi, naɗe da farin ƙyalle, an barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro saboda ƙwari. Kusan kullum bayan la'asar yakan ciro shi ya zauna a kan buzu yana dubawa. Ni dai sau da yawa na ji ƙarar murfin akwatin, amma ban taɓa ganin abin da ke ciki ba.

A shekarata ta biyu a gidan yanar ido ta fara rufe idanun Baba. Ya sauya tabarau, bai yi ba. Ya koma zama a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, nan ma abin ya gagara. Maigidana ya gwada karanta masa ranar Asabar, amma shi mutum ne mai gaggawa, yana karatu yana hamma yana duba agogo, ga abokai suna jiransa a zaure. Bayan 'yan makonni Baba ya ce ya bari haka, Allah ya yi albarka.

Wata rana ina tsince shinkafa Inna ta shigo ɗakina, abin da ba ta cika yi ba. Ta zauna a bakin gado da ɗinkin hularta a hannu, don ba ta rabuwa da shi.

“Malama, wata alfarma na zo nema. Kuma ki sani ba shi ya aiko ni ba, in ya ji ma faɗa zai yi.”

“Wace alfarma, Inna? Ai umarni za ki ba ni.”

“Jiya na leƙa na same shi da littafin nan a cinya, a rufe, yana ta shafa bangon kamar mai lallashin jariri. Na yi masa magana bai ji ni ba. Ke kin iya Turanci. Ki riƙa karanta masa ko kaɗan ne.”

Na ce, “Inna, ta yaya zan zauna a gaban Baba?”

“Wa ya ce a gabansa? Ba ga asabari a ƙofar ba? Shi yana ciki, ke kina waje, ni ina tsakani. In mutanen unguwa suna da magana su zo su same ni.”

Ban san yadda ta shawo kansa ba. Washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakinsa, ta sa na wanke hannu da sabulu na goge, ta bincika ko na shafa mai. Sannan ta shiga ta fito rungume da littafin, ta ɗora shi a kan matashi a gabana.

Na daɗe ina kallonsa kafin in taɓa. Babba ne, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Bangonsa jar fata ce da ta tsufa ta koma launin goro, an bi gefunanta da zanen ruwan zinariya kamar aikin wuyan riga. A tsakiya akwai tambari mai hular sarautar Turawa, da wasu dabbobi biyu a tsaye suna riƙe da garkuwa. Bakin shafukan ma an shafe shi da zinariya, in an rufe sai ya yi ta ɗaukar ido. Da na ɗaga bangon, takardar farko wani launi ne mai murɗe-murɗe, shuɗi da ja, kamar mai ya zuba a kan ruwa. Kowane hoto da 'yar siririyar takarda a kansa kamar ɓawon albasa. Ga wani ƙanshi na tsohuwar fata da ganye da har yau ban ji irinsa ba.

Na yi bisimilla na fara. Ban yi layi uku ba na ji kalmomin sun ƙi zama a bakina. Turanci ne, amma kamar na mai tsamin baki. Can sai na ji wata 'yar dariya daga bayan asabari.

“Gaya mata ba ‘f’ ba ne,” in ji Baba. “‘S’ ne na mutanen da. Dogo suke yin sa. Ta duba da kyau, ba a ja masa sanda ta ƙetare ba.”

Inna ba ta san boko ba ko kaɗan. Ta juyo gare ni ta ce, “Ya ce kin yi kuskure, amma ba laifinki ba ne, laifin mutanen da ne.”

Na duba na ga haka ne. Na ce, “Inna, ki ce masa na gane, na gode.”

“Ta ce ta gane.”

Haka muka yi ta yi, alhali tsakanina da shi bai fi a miƙa hannu ba, kuma kowa yana jin kowa. Inna kuwa ba amintacciyar tafinta ba ce. In ya ce in maimaita wani wuri, sai ta ce, “Ya ce ki rage gudu, ba a koro ki ba.” In na ce ban san wata kalma ba zan duba ƙamus, sai ta ce masa, “Ta ce Baturen nan ya cika iyayi.” A rana ta uku ko ta huɗu ta ajiye allura ta ce ita fa ba za ta zauna kamar turmi ana magana a kanta ba, a gaya mata abin da ake cewa. Daga nan na koma karanta sakin layi da Turanci saboda Baba, in juya shi da Hausa saboda Inna.

Nan da nan Inna ta raɗa wa matafiyin suna, Sarkin Yawo. Ba ta yarda da shi ba tun daga farko. Da aka zo inda ya yi sallama da matarsa a bakin teku, ta ce, “Da wa ya bar ta? Ya bar mata abinci?” Da guguwa ta kusa kife jirginsu ta ce maganinsa ke nan. Amma ranar da ciwon kai ya hana ni fitowa, ita ta fara leƙowa tana tambaya ko na ji sauƙi, don an bar mutum a tsakiyar kogin Masar.

In an zo kan hoto, sai in ɗaga siririyar takardar a hankali in faɗi abin da nake gani. Sau da yawa Baba ke riga ni. Tun yana yaro yake kallon hotunan, ya haddace su. “Gaya mata ta duba ƙarƙashin raƙumin hagu, akwai kare a kwance.” In duba, ga kare kuwa. “Mai jan rawanin nan ƙafarsa ɗaya babu takalmi.” Haka ne. Launukan ba su koɗe ba ko kaɗan, shuɗin sama kamar jiya aka shafa shi. A nan na fara ganin dalar Fir'auna, da masallatai masu ƙubba bisa ƙubba, da jiragen ruwa masu filafilai kamar an shanya zannuwa.

Wata rana muka iso inda matafiyin ya yi wa mutanen wani garin Musulmi baƙar magana. Ya ce malalata ne, ba su san komai ba sai zaman inuwa, ya ƙara da wasu kalamai da ba zan iya maimaitawa a gaban surukina ba. Sai na tsallake zuwa sakin layi na gaba.

“Gaya mata na ji ta bar titi ta bi ta daji,” in ji Baba.

Inna ta dube ni. Na sunkuyar da kai na ce maganar ba ta da daɗi.

“Na san ba ta da daɗi, na sha karanta ta. Ta koma ta karanta, ai ba ita ta rubuta ba.”

Na karanta, na kuma fassara. Da na gama Baba ya gyara murya, ya shiga ba Baturen amsa kamar yana zaune a gabansa. Ya ce ka shigo garin mutane da tsakar rana a lokacin zafi, ka tarar suna hutawa, ka kwana biyu ka wuce. Da asuba da suke gona kai kana barci. Inna ta ce, “Kuma abincinsu ya ci.” Amma Baba ba ya hana shi haƙƙinsa. Ya ce a kan hanya mutumin ba ya ƙarya: in ya ce akwai rijiya a wuri kaza, ko kogi ba ya ƙetaruwa da damina, ka ji maganar wanda ya taka da ƙafarsa. Yakan ce da sun yi zamani ɗaya da sun yi faɗa, amma da ya ɗauke shi aiki.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta hoton wata kasuwa a Sham. Baba ya lissafa duk abin da ke ciki: mai gurasa, mai tulun ruwa, jakuna, makaho da ɗan jagoransa. Da ya gama na ci gaba da kallo, sai idona ya kai can sama, wajen wata 'yar taga.

Na ce, “Inna, ki ce masa akwai kuma matar da ke zuro kwando.”

“Wace mata?” Baba bai jira Inna ba. “Ina? Ta wane gefe?”

“Ta dama, Baba. Sama da mai gurasa. Hannunta kawai ake gani da gefen mayafinta. Ta ɗaura kwando a igiya tana zuro masa.”

“Igiyar ta kai ƙasa?”

“Ba ta kai ba, tana daidai kansa. Shi bai ma lura ba.”

Can ya ce, “Ikon Allah. Tun ban iya ɗaura wando ba nake kallon kasuwar nan, ashe akwai mutum a sama.” Muryarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

Inna ta dubi asabari, ta dube ni, ta soke allurarta a jikin hula ta ce, “To, ni an sallame ni ke nan.”

Ba ta tashi ba, kuma ba ta taɓa fashin zama ba bayan haka. Amma daga ranar Baba ya koma yi mini magana kai tsaye, ni ma ina amsawa, asabari dai yana nan a sake.

Da cikina na fari ya tsufa aka mai da ni Kwarbai goyon ciki. A lokacin matafiyin yana wani gari a bakin teku, zazzaɓi ya kwantar da shi, mai zanensa kuma ya yi fushi ya yi gaba ya bar shi. Na haifi 'ya mace. Ina cikin wankan jego Inna ta zo duba mu da ƙullin yaji da sabulu. Bayan ta gama yi wa jaririya wasa, ta ce kishiyarta ta zo ƙwace mata miji, sai ta matso ta rage murya don kada mahaifiyata ta ji.

“Ya ce a gaishe ki, a yi miki barka. Ya ce kada ki yi gaggawa, ki gama wankanki a tsanake. Amma wai in sanar da ke mutumin nan yana nan kwance da zazzaɓi inda kika bar shi.”

Na yi dariya har ɗinkina ya motsa. Da na koma Kusfa, kwana ɗaya kawai na huta. Muka ci gaba, jaririya a cinyar Inna, hular ɗinki a gefe. In ta yi kuka a tsaya, in ba ta nono, Baba yana jira bai taɓa nuna ƙosawa ba.

A wajen wannan lokaci ne labarin littafin ya kai jami'a ta bakin wani abokin maigidana. Wata Asabar sai ga baƙi biyu: wani Bazazzagi ma'aikacin laburare, da wata dattijuwar Baturiya mai koyar da tarihi, tana jin Hausa, ko da yake takan ja inda ba a ja. Tun kafin a ce musu komai suka nemi ruwa suka wanke hannu, abin da ya sa Inna ta sake da su. Baturiyar ta daɗe a kan wata 'yar takarda da ke manne a cikin bango, mai tambari irin na waje. Ta ce kafin littafin ya zo Zariya, a ɗakin karatun wani gidan sarauta na ƙasarsu yake, kuma irinsa kaɗan ne suka rage. Baba ya ce ashe daga fada ya fito ya faɗa wata fada, shi ne kawai talakan da ya riƙe shi.

Ta kuma gaya mana abin da ba mu sani ba. Ta ce baƙi da fari ake buga hotunan, sannan a bi kowanne da hannu a shafa masa launi, kuma sau da yawa mata ne ke wannan aikin.

“Mata?” in ji Inna. Ta sa aka matso mata da littafin, ta kai idonta kusa da wani hoto tana bin gefen rigar wani attajiri kamar yadda take duba ɗinkin wata. Ta ɗago ta ce, “Hannunta da kyau. Ko ɗigo bai fita layi ba. Allah ya sa an biya ta.”

Ma'aikacin laburaren ya nuna mana inda gadon bayan littafin ya fara tsagewa, da wani tabon danshi a shafukan ƙarshe. Ya roƙe mu kada a sa masa gam, kada kuma a naɗe shi a leda. Cikin ladabi ya ce in Baba ya yarda, suna da ɗakin da ake adana irin waɗannan, za a rubuta sunan gidan a kansa. Baba ya tambaye shi ko a can ana karanta su. Mutumin ya faɗi gaskiya, ya ce ba kullum ba, sai mai bincike ya nema.

“To, na ji, kuma na gode,” in ji Baba. “Amma ba mu gama ba. Mutumin bai koma gida ba tukuna.”

Bayan haka da 'yan watanni maigidana da yayyensa suka matsa masa a kan aikin ido. Ya daɗe yana ƙi, yana cewa ba za a sa masa wuƙa a ido ba, daga baya ya yarda. Aka kai shi Kaduna aka yi wa ido ɗaya aiki, aka dace. Ya dawo da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ko hutawa bai yi ba ya sa aka ciro littafin, aka buɗe masa kasuwar Sham, ya nemo matar kwando da kansa. Inna ta ce ya fi ƙarfin rabin sa'a yana kallonta.

Da na zo yi masa sannu da zuwa, an naɗe asabari saboda masu shigowa dubiya. Na durƙusa a bakin ƙofa da goyo a bayana. Ban ɗago ba, amma na san kallona yake.

Ya ce da Inna, “Ashe Malamar 'yar ƙarama ce haka. Muryar ta fi ta girma.”

Kunya ta sa na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauka karatuna ya ƙare ke nan tunda ido ya buɗe, kuma na yi mamakin yadda abin ya dame ni. Amma washegari bayan la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Baba ya ce hotuna yana ganinsu tangaran, ƙananan baƙaƙen ne ke yi masa iyo. Ban sani ba ko haka ne, don na sha hango shi yana karanta jarida. Ban dai tambaya ba.

Sai da 'yata ta fara tafiya muka kai ƙarshe. Matafiyin ya sauka a tashar da ya tashi, ya rubuta shafuka a kan akwatunansa da duwatsun da ya tsinto, matarsa kuwa layi ɗaya ya ba ta, cewa ya same ta lafiya. Inna ta sa na maimaita layin, ta ce, “Shi ke nan? Bai ce ta rame ba, bai ce ta yi ƙiba ba?” Ta yi tsaki ta ce dama ta san za a yi haka.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Soron Baba ya fara yoyo ta kusurwa, da aka janye akwatin sai aka ga gara ta cinye gindinsa, ta fara taɓa farin ƙyallen. Littafin dai ba ta kai gare shi ba. Baba ya zauna ya yi ta jujjuya ƙyallen a hannu. Ranar Juma'a da 'ya'yansa suka taru ya ce a kira mutanen jami'a.

Babban wan mijina bai so ba. Ya ce kyautar sarki ce, darajar gida ce, shi zai saya masa akwatin ƙarfe ya ajiye a gidansa.

Baba ya ce, “Ka taɓa buɗe shi?”

Yaya ya ce a'a.

“Ba laifi ba ne, kowa da abin da ya dame shi. Amma ni na ga abin da gara ta yi, kuma ba kullum zan kasance ina janye akwati ba. A kai shi inda aikinsu ke nan.”

Inna ce ta kawo sharaɗi. Ta ce shekara da shekaru littafin yana unguwar nan, matan maƙwabta suna jin labarinsa ba su taɓa ganinsa ba, ba zai fita ba sai sun gani. Baba ya koma zaure ya bar mana cikin gida. Kwanaki a jere bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika da mata, tsofaffi da masu goyo, har da wasu masu kawo mana nono da itace daga ƙauye da suka tarar ana yi suka zauna. Inna ta kafa doka, ba mai taɓawa sai ni. Ina buɗe shafi ina ɗaga siririyar takarda, ita tana bayani.

A nan na gane ba abin da ya wuce ta a duk zaman da muka yi. Ta san sunan kowane gari, ta san inda aka yi wa Sarkin Yawo sata, da inda ya ci abin da ya ɓata masa ciki. Sai dai tana ƙara gishiri. Guguwar teku ta zama ta wata guda, raƙuma suka ninka, matar Baturen kuma ta samu labari nata na kanta, har da rashin lafiya da surukai marasa kirki. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko da ita aka yi tafiyar. Inna ta ce, “Kusan haka.” Da ta ga ina murmushi sai ta ce, “Ke dai buɗe mana gaba.”

Ranar da za a tafi da shi, Baba ya naɗe shi da kansa a sabon ƙyalle, ya riƙe shi a cinya a gidan gaba na motar maigidana har jami'a. Da ya dawo ya ce ɗakin da sanyi kamar randa, kuma mutumin ya karɓa da hannu biyu. Daga nan ya shige ɗaki.

Washegari da la'asar na zauna a ɗakina na rasa abin yi. Sai na ji Inna tana kira daga baranda. Na fito na tarar da tabarma a shimfiɗe, ga wani littafi sabo mai bangon kwali a kan matashi. Ashe Baba bai dawo hannu sake ba, ya sa ma'aikacin laburaren ya ara masa. Wannan na wasu mutane ne da suka tafi ƙasar ƙanƙara, inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba, karnuka ke jan kayansu.

Inna ta leƙa hoton bango, ta ga mutum ya dunƙule cikin fatu ba a ganin komai sai idanu. Ta zura zare a allura ta ce, “Wani mai yawon kuma? Shi wannan me ya kai shi?”

Mun karanta wannan, mun karanta wasu bayansa, ana arowa ana mayarwa, har na haifi na biyu da na uku. Baba ya rasu a farkon shekarun casa'in, bayan gajeruwar jinya, muna tsakiyar wani littafi a kan ƙasar Sin. Da Inna ta fita takaba na ce mata zan ba maigidana ya mayar da shi, an daɗe da arowa. Ta ce in dakata tukuna, mu ƙarasa, tana so ta ji ko matafiyan littafin sun sami jirgin da suke jira.